An ƙara wa alƙalai albashi, saura a raba su da kyautar gwamnoni

A shekarar 1995, lokacin da marigayi Cif Moshood Abiola ke tsare a hannun gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha bisa zargin cin amanar ƙasa, shari'arsa ta isa Kotun Ƙoli. Kafin a shiga gundarin magana, sai lauyansa, Cif G.O.K. Ajayi, ya roƙi wasu daga cikin alƙalan kotun da su tsame hannunsu daga shari'ar. Hujjarsa ita ce alƙalan sun riga sun maka kamfanin jaridar Concord a kotu bisa zargin ɓata suna, kuma Abiola ne mai kamfanin. Abin da ya haddasa ƙarar ɓata sunan kuwa shi ne wani labari da jaridar ta buga a kan motoci ƙirar Marsandi da aka ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ba alƙalan.

Alƙalai takwas, ciki har da Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Mai Shari'a Mohammed Bello, suka janye. Waɗanda suka rage ba su kai adadin da za su zauna su saurari ƙarar ba, gwamnatin soja kuma ba ta naɗa sababbin da za su cike giɓin ba. Haka shari'ar ta yi ta jira har Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998.

Janyewar da alƙalan suka yi daidai ce, domin ba ya kyautuwa mutum ya yanke hukunci a kan wanda suke shari'a da shi a wata kotun. Amma in aka bi sawun maganar zuwa tushenta, za a tarar cewa batun mota ne ya jefa kotu mafi girma a ƙasar nan cikin wannan tsaka mai wuya. Wannan ne ya sa ba a raba maganar albashin alƙalai da maganar janye su daga shari'a saboda son kai. Tambaya guda ce a ƙarƙashinsu: wane ne ke ciyar da alƙali, kuma me yake jira a mayar masa?

Shekara 16 babu ƙarin ko kwabo

Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bar albashin manyan alƙalai a hannun kowa ba. Sashe na 84 ya ce Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce za ta ƙayyade shi, ba tare da ta wuce abin da hukumar rabon arziƙin ƙasa ta RMAFC ta tsara ba. Ya kuma ce kai-tsaye za a riƙa cire shi daga babban asusun tarayya, sannan ba a rage wa alƙali albashi bayan an naɗa shi. Wannan tanadi tsoho ne a duniya. A Ingila tun a dokar 1701 aka tsayar da cewa albashin alƙalai ya zama sananne kuma tabbatacce. Tsarin mulkin Amurka ma ya hana rage albashin alƙalin tarayya muddin yana kan kujerarsa. Hikimar a fili take: kada mai mulki ya riƙa horar da alƙali da yunwa.

Sai dai akwai hanyar rage albashi ba tare da an taɓa shi ba, wato a bar shi yadda yake hauhawar farashi ta cinye shi. Abin da ya faru a Najeriya ke nan. Dokar da ta ƙayyade albashin alƙalai a 2008 ita aka ci gaba da aiki da ita har zuwa 2024. A 2008 dalar Amurka ba ta kai naira 120 ba a farashin gwamnati. A 2024 kuwa ta haura naira 1,500. A tsakanin nan an ɗaga mafi ƙarancin albashin ma'aikata zuwa naira 18,000 a 2011, aka kuma mayar da shi naira 30,000 a 2019, amma na alƙalai yana nan inda aka bar shi.

A watan Yunin 2022 tura ta kai bango. Alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka rubuta wa Alƙalin Alƙalai, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, takardar koke a kan gidajen zama da motoci da wutar lantarki da man janareto da rashin tura su ƙaro ilimi. Takardar ta fita bainar jama'a, abin da ba a saba gani ba a tarihin kotun. Ranar 27 ga watan ya ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya. A watan Oktoban 2023 kuma, a jawabinsa na bankwana, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya bayyana cewa Babban Magatakardan Kotun Ƙoli na karɓar naira miliyan 1.2 a wata, alhali alƙalin kotun na karɓar naira 751,000.

Sai a watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta ƙara wa manyan alƙalai albashi da kusan kashi 300 cikin 100, inda Alƙalin Alƙalai zai riƙa karɓar kimanin naira miliyan 64 a shekara. Ƙarin ya dace, ya ma makara. Wanda aka damƙa wa hukunci a kan rayuka da dukiyoyi da kujerun mulki bai kamata ya kwana yana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansa ba.

Alƙali a shari'ar albashinsa

Kafin wannan ƙari, an yi wata shari'a da ta nuna yadda shiru na shekaru ke jefa alƙalai a inda bai kamata a gan su ba. Babban lauya Sebastine Hon ya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Abuja, yana neman a tilasta wa gwamnati ta gyara albashin alƙalai. A watan Yulin 2022 Mai Shari'a Osatohanmwen Obaseki-Osaghae ta ba shi gaskiya, ta ba da umarnin a riƙa biyan Alƙalin Alƙalai naira miliyan 10 a wata, alƙalan manyan kotuna kuma naira miliyan 7. Ita kanta tana cikin waɗanda hukuncin zai amfana, haka ma duk alƙalin da za a ɗaukaka ƙara zuwa gabansa.

A ƙa'ida, duk alƙalin da ke da ko da naira ɗaya da zai samu ko ya rasa a sakamakon shari'a, ba ya zama a kanta. To, in kowane alƙali a ƙasar yana da rabo a ciki fa? Masana shari'a suna da amsa, wadda suke kira ƙa'idar larura: in babu wani alƙalin da abin bai shafa ba, dole wanda ke nan ya saurara, don kada mai ƙara ya rasa kotun zuwa. Kotun Ƙolin Amurka ta yi aiki da wannan ƙa'ida a 1980, a shari'ar da aka sani da sunan Will, lokacin da wasu alƙalan tarayya suka kai gwamnati ƙara saboda majalisa ta soke ƙarin albashin tsadar rayuwa da ya kamata a yi musu. Kotun ta amince cewa dukan alƙalanta suna da rabo a maganar, amma ta ce babu makawa sai ta yanke hukunci.

Larura dai larura ce, ba a mayar da ita abin yau da kullum. Duk yadda hukuncin Kotun Ma'aikata ya kai ga gaskiya, mutumin da ke kan titi abin da zai gani shi ne alƙalai sun yanka wa kansu albashi. Laifin hakan na majalisa ne da hukumar RMAFC da gwamnatocin da suka zo suka wuce ba su duba ba. Da akwai dokar da ta wajabta sake duba albashin a kan lokaci, da ba a kai ga alƙali ya zauna a kan shari'ar aljihunsa ba. Shi ya sa dole a tambaya tun yanzu: shin sai an sake shekara 16 da wata takardar koke kafin a waiwayi dokar 2024?

Me ya sa ake cire alƙali daga shari'a?

Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi a gaban kotun da aka kafa ta yadda za ta kasance mai cin gashin kanta, wadda ba ta karkata ga kowa. Kotunan Najeriya sun daɗe da fayyace cewa ba sai an kama alƙali dumu-dumu yana son kai ba. Ya wadatar a ce mutum mai hankali, wanda ya san yadda al'amura suke, zai fita daga kotu yana ganin akwai yiwuwar an karkata. Dalili kuwa shi ne babu mai iya shiga zuciyar alƙali ya ga abin da ke ciki, kuma kotu ba ta da jarin da ya wuce yardar jama'a.

Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri misali ce ta kusa. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1983, jami'ar ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugabanta, wanda shi ma yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Aka kori ɗalibai. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, kuma cikin dalilanta har da cewa wanda aka yi wa ɓarna ba zai zama mai yanke hukunci a kan waɗanda ake zargi da yi masa ita ba.

A Amurka, shari'ar da ta fi haɗa albashi da son kai ita ce ta Tumey a 1927. A wani ƙaramin gari na jihar Ohayo, magajin gari ne ke yi wa masu karya dokar hana giya shari'a. In ya samu mutum da laifi, yana da ladan zama a cikin kuɗin da za a biya, in kuwa ya sallame shi, ba shi da komai. A shari'ar Tumey, an ci shi tarar dala 100, magajin gari kuma ya samu dala 12. Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin, ta ce tsarin da zai jarabci ko da mutumin kirki ya karkata ma'auni ba adalci ba ne. Dala 12 ce kawai, amma ƙanƙantar kuɗin ba ta wanke tsarin ba.

A Birtaniya kuwa ko kuɗi babu a maganar. A ƙarshen 1998 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan ƙasar, ta yanke da rinjayen uku a kan biyu cewa tsohon shugaban mulkin sojan Chile, Augusto Pinochet, ba shi da rigar kariya. Bayan 'yan makonni aka soke hukuncin, saboda ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, darakta ne a wani reshen agaji na ƙungiyar Amnesty International, wadda ta shiga shari'ar, kuma bai bayyana hakan ba. Babu wanda ya zarge shi da karɓar komai. Rashin bayyanawar kaɗai ya sa aka sake zama da wasu alƙalan.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Malaman fiƙihu sun tsayar da cewa alƙali ba ya yanke hukunci don amfanin kansa, ko na wanda shaidarsa gare shi ba ta karɓuwa, kamar uba da ɗa da mata. Sananniya ce ƙissar Alƙali Shuraihu, wanda ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa a shari'ar sulke, duk da cewa mahaifin shi ne Halifa Ali, Allah Ya ƙara masa yarda. Malaman sun kuma ce daga baitulmali ake ɗaukar nauyin alƙali, a wadata shi yadda ba zai sa ido a hannun mutane ba. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka tura karɓar zakka ya dawo yana ware abin da ya ce kyauta aka yi masa, ya rufe ƙofar kyauta ga mai riƙe da muƙami. A ƙasar Hausa ma, cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi har da gaisuwa da cin hanci wajen shari'a. Wato tun da can an san cewa wadata alƙali da hana shi kyauta tare suke tafiya.

Darasin 2019

A watan Mayun 2019, jam'iyyar PDP da ɗan takararta Atiku Abubakar suka nemi Shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, ta janye daga kotun sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa. Dalilinsu shi ne mijinta, Adamu Bulkachuwa, zaɓaɓɓen sanata ne a jam'iyyar APC, ɗaya daga cikin waɗanda ake ƙara. Alƙalai biyar na kotun, har da ita, suka yi watsi da buƙatar. Amma nan take ta sanar da cewa ta janye bisa raɗin kanta, daga baya Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ya jagoranci zaman.

Shekara huɗu bayan haka, a watan Yunin 2023, a zaman bankwana na Majalisar Dattawa ta tara, Sanata Bulkachuwa ya yi wasu kalamai da jama'a suka fahimta a matsayin cewa ya riƙa sa baki a aikin matarsa don taimakon abokan siyasa, har Shugaban Majalisar, Ahmad Lawan, ya katse shi. Mai Shari'a Bulkachuwa ta fito ta musanta cewa ta taɓa karkata hukunci saboda kowa, shi ma sanatan ya ce an yi wa maganarsa mummunar fassara. Wannan sharhi ba wurin yanke musu hukunci ba ne. Abin lura shi ne, da ta zauna a kan shari'ar 2019, da kalaman 2023 sun shafa wa hukuncin baƙin da babu ruwan da zai wanke. Janyewarta ta kare ta, ta kuma kare kotun.

Amma akwai gyara a yadda abin ya gudana. Alƙalin da ake ƙorafi a kansa yana cikin masu yanke hukunci a kan ƙorafin. Haka tsarin yake a kotunan ƙasar nan: wanda aka ce ana shakkar adalcinsa, shi ake tambaya ko akwai dalilin shakka. Ko da amsarsa gaskiya ce, da wuya mai ƙorafi ya gamsu.

Gida da mota daga hannun mai ƙara

A nan ne ƙarin albashin 2024 bai kai ga ciwon ba. Albashin alƙalan manyan kotuna, har da na jihohi, ta hannun Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, yake bi. Amma ginin kotu da gidan zama da motar aiki na kotunan jiha suna wuyan gwamnatin jiha. Sashe na 121 na tsarin mulki, musamman bayan gyaran 2018, ya ce a miƙa wa shugabannin kotuna kuɗinsu kai-tsaye. Gwamnoni da dama suka yi kunnen uwar shegu. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarni mai lamba 10 don tilasta musu. A 2021 ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta rufe kotuna na tsawon fiye da wata biyu a kan wannan magana. A watan Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli ta soke umarnin na Buhari, ta ce ya wuce hurumin shugaban ƙasa.

Sakamakon shi ne abin da ake gani a talabijin: an jera sababbin motoci a harabar gidan gwamnati, gwamna na miƙa makullai, babban jojin jiha na godiya. Abin da haƙƙi ne na ofis ya koma alherin mai girma gwamna. Alhali gwamnatin jiha na cikin waɗanda suka fi kowa yawan shari'a a gaban waɗannan alƙalai: rikicin filaye, rushe gine-gine, korar ma'aikata, rigimar sarauta, bashin 'yan kwangila, da tuhumar masu sukar gwamnati. Talakan da aka rushe wa shago, ya kai ƙara, ya kuma ga alƙalinsa ya sauko daga motar da gwamna ya miƙa masa a gaban kyamara, me ake so ya ɗauka? Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

A Abuja ma maganar ta taso. A watan Satumban 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da gina gidaje 40 a unguwar Katampe domin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara da Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Abuja, ƙarƙashin Ministan Abuja, Nyesom Wike. Lauyoyi irin su Femi Falana suka soki lamarin, ganin cewa ministan ɗan siyasa ne da rigingimun da suka shafe shi ke gaban waɗannan kotuna. Ministan ya kare kansa da cewa manufar shugaban ƙasa ce yake aiwatarwa, kuma kuɗin na cikin kasafin da majalisa ta amince da shi.

Hujjar masu goyon bayan gidajen tana da nauyi. Alƙalin da ke zaman haya yana cikin haɗari, domin wata rana mai gidan ko ɗan'uwansa na iya tsayawa a gabansa, ga kuma matsalar tsaro. Babu mai cewa kada alƙali ya samu gida. Maganar ita ce ta wace hanya. In majalisa ta ware kuɗin, a zuba shi a asusun ɓangaren shari'a, su ba da kwangila, mai binciken kuɗi ya bi sawu. Gidan ɗaya ne, kuɗin ma na jama'a ne, amma babu ɗan siyasar da zai tsaya a bakin ƙofa yana jiran godiya. Ba a ce alƙalan da suka karɓi gida ko mota sun sayar da hukunci ba, da yawansu sun sha yanke hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba. Amma ma'aunin da su kansu suka kafa a shari'o'i shi ne abin da mai hankali zai gani, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna su.

Kada janyewa ta zama makami

Akwai ɗaya gefen da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Neman alƙali ya janye na iya zama dabarar ɓata lokaci, ko ta zaɓen alƙalin da ake so. Manyan masu ƙara sun iya wannan: da sun ga shari'a ba ta tafiya yadda suke so, sai takardar ƙorafi ta tafi ofishin babban joji ko Hukumar NJC, alƙali ya ji an taɓa mutuncinsa ya mayar da fayil, a koma farko. Shaidu su gaji, wasu su mutu, shekaru su wuce.

Shari'ar Nnamdi Kanu ta nuna tsadar wannan, ko mene ne ra'ayin mutum a kan ƙorafe-ƙorafensa. Mai Shari'a Ahmed Mohammed ya janye a 2015, Mai Shari'a John Tsoho ya janye a 2016, Mai Shari'a Binta Nyako ta janye a watan Satumban 2024 bayan ta shafe shekaru tana riƙe da ita, sannan aka miƙa ta ga Mai Shari'a James Omotosho a 2025, aka sake karanta tuhuma. Darasin Abiola ma yana nan: janyewa ba tare da tanadin waɗanda za su maye gurbi ba tana iya zama rufe wa mai neman adalci ƙofa. Don haka alƙali yana da nauyi biyu a kansa, ya janye in akwai dalili, ya kuma zauna daram in babu. Abin da zai raba masa su shi ne ƙa'ida bayyananniya, da wani na daban da zai auna ƙorafin.

Kotunan da talaka ya sani

Dokar 2024 ta tsaya ne a kan manyan kotuna. Ba ta shafi majistare da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na ƙasa da na kotunan yanki ba, waɗanda albashinsu ke hannun jihohi. Alhali nan ne mafi yawan jama'a ke haɗuwa da shari'a: rabon gado, sakin aure, ciyar da 'ya'ya, iyakar gona, bashin kasuwa, belin wanda 'yan sanda suka gurfanar. A farkon 2021 an ga majistare a jihar Kuros Riba sanye da rigunan aiki suna zanga-zanga a ƙofar ofishin gwamna saboda albashin wata 24 da ba a biya su ba.

A ƙaramar kotu ne kuma son kai ya fi sauƙin shiga. Alƙali yana zaune a gari guda da masu ƙara, sallarsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, wataƙila mai kuɗin garin ne ya taimaka masa ranar da ɗansa ya kwanta asibiti. Matar da ta zo neman haƙƙin 'ya'yanta ba ta da lauya, ba ta ma san tana da ikon cewa a canza mata alƙali ba. Duk gyaran da ya tsaya a Abuja bai iso gare ta ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, majalisa ta sa a doka cewa za a riƙa duba albashin alƙalai bayan wasu ƙayyadaddun shekaru, bisa lissafin hauhawar farashi, ba sai shugaban ƙasa ya ga dama ba. Ƙarin da ke zuwa a matsayin alheri, shi ma wata gaisuwa ce.

Na biyu, gida da mota da kuɗin asibiti su zama rubutaccen haƙƙi da ke fitowa daga kasafin ɓangaren shari'a. Hukumar NJC ta haramta wa alƙalai halartar bikin miƙa makullai daga hannun gwamna ko minista. A daidai lokacin kuma shugabannin kotuna su buɗe littafin kuɗinsu ga masu bincike da jama'a, domin koken alƙalai 14 na 2022 a kan shugabancin cikin gida aka yi shi.

Na uku, ƙa'idar ɗa'ar alƙalai ta 2016 ta riga ta lissafa dalilan janyewa, kamar dangantaka da hannun jari da tsohuwar alaƙar aiki. Abin da ya rage shi ne a tilasta wa alƙali ya bayyana irin wannan alaƙa a zaman farko, a rubuce, a kuma ba wani alƙali daban hurumin yanke hukunci a kan buƙatar janyewa cikin 'yan kwanaki, tare da tara mai nauyi ga wanda ya kawo ta don wasa da hankalin kotu.

Na huɗu, jihohi su gyara albashin majistare da alƙalan ƙananan kotuna, a kuma rubuta da Hausa da sauran harsuna a bangon kowace kotu cewa mai ƙara na da damar neman a sauya masa alƙali in yana da dalili, da inda zai kai kokensa.

An biya alƙalai wani ɓangare na bashin da ƙasa ta daɗe tana riƙe musu. Yanzu jama'a ne ke bin su bashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka ladan alƙali ya fito daga baitulmalin jama'a kaɗai, ta hanyar da doka ta shata, domin ranar da talaka zai tsaya da gwamna a gabansa, ya kasance babu wanda alƙalin ke jin kunyar haɗa ido da shi.